Neman rakodar da za ta riƙe muryar tsofaffinmu: kundin aiki daga Garwa

Asabar, 9 ga Nuwamba 2024

Yau aka yi sadakar arba'in ta Baba Babba, yayan mahaifinmu. Da mutane suka watse aka naɗe tabarmi, na koma zaure ni kaɗai na buɗe waya don in ji muryarsa. A daminar da ta wuce na zauna gabansa kusan awa guda yana ba ni labarin yadda kakansu ya baro ƙasar Kano da jakuna, ya bi ta Yola, ya yada zango a nan Garwa, a arewacin Kamaru, da niyyar wata uku, bai sake komawa ba. Na san na ɗauka, don wayar tana hannuna tun daga bisimilla har ya ce ya gaji.

Minti 11 na tarar. Ashe kira ya shigo a tsakiya, ɗaukar ta tsaya, ni kuwa ina can ina gyaɗa kai. A cikin minti 11 ɗin ma injin niƙan maƙwabta ya cinye rabi, iska ta cinye wani, muryar Baba tana can ƙasa kamar mai magana daga cikin rijiya. Akwai wurin da ya faɗi sunan garin da kakarsu ta fito. Na maimaita wurin ya fi sau ashirin, ban iya rabe ko da ƙ sunan ya fara ko da k ba, kuma wanda zai raba gardamar yana kabari.

Kafin in kwanta na rubuta sunayen tsofaffi 14, na dangi da na unguwa. Akwai wanda ya yi dako a tashar jiragen ruwa ta Binuwai, akwai tsohuwar ungozoma, akwai dillalin goro da ya daina fita kasuwa, akwai makaɗin kalangu, ga Gwaggo da ta san waƙoƙin niƙa. Ƙaraminsu ya haura saba'in. Ba zan sake zuwa gaban ɗayansu da waya ba. Rakoda zan nema, ƙarama ta riƙewa a hannu, wadda ba ta da wani aiki sai ɗaukar murya.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Na faɗa wa 'yan'uwa. Yaya ya sa jaka hamsin, ƙannena biyu suka haɗa talatin, na cika arba'in. Jaka 120 ke nan, wato sefa dubu 120, kuma a ciki za a sayi rakoda da katin memori da pil, wato batir, da duk wani tarkace. Tun da yuro ɗaya sefa 656 ne ba ya motsi, ina iya duba farashin Turai in san inda kuɗinmu ya tsaya. Ya isa ƙaramar rakoda mai kyau, bai isa manyan da 'yan fim ke rataye da su ba.

Abin da na sa a gaba shi ne ta iya ɗaukar WAV, tsarin fayil da ke ajiye sauti ba tare da matse shi ba. MP3 yana matse sauti, ya zubar da abin da yake ganin kunne ba zai lura ba, kuma abin da ya zubar ba ya dawowa. Ƙungiyar IASA ta masu adana sauti ta duniya tana ba da shawarar kada a sauka ƙasa da kilohaz 48 da bit 24, wato ma'aunan ingancin ɗauka, idan ajiya ta dogon zamani ake nufi. Na yi lissafi: a wannan tsari, da makirfo biyu, awa guda tana cin giga ɗaya da 'yan kai. Idan kowane tsoho ya ba ni awa uku, awa 42 ke nan, wajen giga 44. Ba abin tsoro ba ne.

Sauran sharuɗɗan garinmu ne ya gindaya su. Wuta tana ɗaukewa, wani lokaci yini guda. Hunturu yana bakin ƙofa da iskarsa da ƙurarsa, bayansa kuma zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40. Sannan akwai gidajen da namiji baligi ba ya wuce zaure, ƙanwata ce za ta shiga. Ke nan dole abin ya zama wanda za ta kunna ba tare da ta kira ni a waya ba.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Na yanke shawarar ba zan sayi abin da ban ji da kunnena ba. Hotuna da rubutun intanet duk suna yabon kayansu, amma a wannan harka ji ne ya kori gani. Sai na shiga aro.

Wani ɗalibi ɗan unguwarmu da ke karatu a jami'ar Ngaundere ya zo hutun kwana biyu da Sony ICD-PX470, wadda yake ɗaukar darasi da ita. Wani abokina ma'aikacin rediyo kuma ya ba ni Zoom H4n Pro na yini ɗaya, da gargaɗin in dawo da ita kafin magariba. Kawu ya yarda ya zama abin gwaji. Muka zauna a zaurensa mai rufin kwano, na ajiye su biyun a kan kujerar tsuguno, na ce ya ba ni labarin kasuwar Pitowa ta ranar Lahadi yadda take a da.

Sony ɗin 'yar ƙarama ce, ba ta fi maburgi tsawo ba, ga ta da bakin USB a jikinta da ake turo shi a soka a kwamfuta kai tsaye. Pil biyu ƙanana na AAA take ci, kuma suna daɗewa ƙwarai. Kawu bai ko kalle ta ba, wanda babban abu ne a wurina. Magana ta fito ana ganewa sarai. Amma iyakarta bit 16 da kilohaz 44.1, kuma idan ya yi shiru yana tunani sai in ji wani shuuu ya taso a iyafis. Don darasi da taro aka yi ta, ta kuwa iya aikinta. Da ya ɗan rera wani baiti, sai muryar ta fito siririya, kaurin ƙirjinsa ya ɓace.

H4n Pro kuwa wata duniya ce. Sautin ya cika, har ƙarar carbinsa ana ji ɗaya bayan ɗaya. Tana da ramuka biyu na XLR a gindi don manyan makirfo, tana ɗaukar layin sauti huɗu a lokaci guda. Sai dai tana da nauyi, tana jan lokaci kafin ta gama tashi, kuma mai ita ya ce kada in kuskura in fita da ita ba pil na canji a aljihu. Abin da ya fi damuna shi ne yadda Kawu ya yi da ya gan ta. Ya gyara zama, ya gyara hula, ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nan, wannan ta gwamnati ce?" Na ce, "A'a Kawu, ta abokina ce." Duk da haka muryarsa ta koma irin ta mai jawabi a gaban hakimi, har ya fara sako Faransanci. Sai da na rufe ta da hula sannan ya dawo Kawun da na sani.

Na cire H4n Pro daga lissafi. Kuɗinta ma ya fi ƙarfinmu, kuma ramukan XLR ɗin ba ni da abin sokawa a cikinsu.

Juma'a, 6 ga Disamba

Yau ne gwajin da ya fi ba ni ilimi. Wani mai ɗaukar bidiyon biki ya ara mini Tascam DR-05X da Zoom H1n, duka biyun yana aiki da su. Kusan kuɗinsu ɗaya, dukansu suna ɗaukar WAV har kilohaz 96 da bit 24, dukansu suna da ramin ƙaramin makirfo na maƙalawa a riga. A takarda kamar Hassan da Husaini. A kunne kuwa ba haka ba.

Bambancin yana ga makirfon da ke kansu. Na H1n guda biyu ne da suka gitta juna, abin da ake kira X/Y, kuma gabansu suka fi ji, abin da ke bayansu yana raguwa. Na DR-05X kuwa masu jin kowane ɓangare ne, gaba da baya da gefe duk ɗaya. Bayan sallar Juma'a na kai su tsakar gidanmu, lokacin da gidan ya fi hayaniya: ana daka, awaki na kuka, yara na guje-guje, rediyon Inna na yi. Na zaunar da Inna, na juya wa turmi baya.

Da na saurara da dare, H1n ta fi fito da muryar Inna daga cikin hayaniyar, dakan ya koma can nesa. A DR-05X kuwa gidan gaba ɗaya ya shigo, har tarin maƙwabcinmu ta bayan katanga. Da a nan na tsaya da na ce H1n ta ci. Amma da na riƙe su a hannu sai labari ya canza. H1n ba ta da nauyi ko kaɗan, jikinta roba ne, kuma duk motsin yatsa yana shiga cikin sautin, ƙurus-ƙurus kamar ɓera a cikin kwali. DR-05X ma tana jin hannu, amma ba kamar haka ba. Sannan da Inna ta juya tana yi wa jikarta magana, muryarta ta dusashe a H1n, a ɗayar kuwa ta tsaya yadda take. Tsofaffinmu ba sa magana a ƙame. Suna juyawa su tofar da goro, su amsa sallama, su nuna gabas da hannu suna cewa can ne gidan sarkin zango yake. Kuma da wuya ka sami tsoho shi kaɗai, kullum akwai abokin hira a gefe da zai ce, "A'a, ba a shekarar ba ne."

Sai na yi wani gwajin da ban shirya ba. Na matso da DR-05X daga kamu uku zuwa kamu ɗaya daga bakin Inna, na rage ƙarfin ɗauka. Hayaniyar gidan ta faɗi warwas. Tazarar kamu biyun nan ta yi aikin da ya fi bambancin da ke tsakanin rakodar biyu. Har wayata na gwada a kamu ɗaya, ta fi H1n da aka ajiye a kamu uku. Wannan ya sa na yi shiru na ɗan lokaci, don na tuna a ranar Baba Babba ina zaune ne a bakin ƙofa saboda kunya, shi yana can ƙuryar zaure.

Matsalar ita ce ba a miƙa wa babba abu a baki kamar ɗan jarida. Dole in nemo yadda rakoda za ta matsa kusa, ni in tsaya inda ladabi ya ajiye ni.

Wasu abubuwa biyu da H1n ta fi, kuma ina son in rubuta su don adalci: tana da ɗan maƙunni mai juyawa a gaba na ƙara ko rage ƙarfin ɗauka, kuma danna jan maɓalli sau ɗaya ya isa ta fara. A DR-05X sai an danna sau biyu.

Lahadi, 15 ga Disamba

Hunturu ya sauka sosai, hazo ya rufe tsallaken kogi. Na sake aro su biyun na tafi bakin Binuwai, ƙasan gada, inda masu wanki suke. Ba abin rufe makirfo, duka biyun ba su da amfani: iska tana bugawa bub-bub, magana ta nutse. H1n ta fi shan wahala, don makirfo mai jin gaba kawai ya fi jin iska. Na sa musu soson rufe makirfo, ya rage kaɗan. Na kunna abin yanke ƙananan sautuka a haz 120, ya ƙara ragewa, amma ya tafi da kaurin murya. Sai da mai bidiyon ya ciro wata hular gashi daga jakarsa, mai kama da jelar zomo, ya ɗaura wa DR-05X. Iskar ta ɗauke kamar an rufe taga, na ji muryar wani mai wanki da bugun kayansa a kan dutse tsaf.

Duk wadda zan saya, da hular gashi za ta zo. Na ware mata kuɗinta tun yanzu.

Litinin, 16 ga Disamba

Maganar pil. H1n AAA biyu take ci, kamfanin ya ce wajen awa 10. DR-05X AA biyu, sun ce wajen awa 17. AA shi ne na tocila da ƙaramar rediyo, ko a Gashiga ko a ƙauyukan bakin Lagdo za ka same shi a teburin mai shayi. Amma pil mai arha na teburi ba ya jure rakoda, na gwada, kafin awa biyu alamar ta faɗi. Sai alkalin, ko masu caji na NiMH irin Eneloop na Panasonic. Kuma akwai wuri a cikin saitin da ake gaya wa rakodar wane irin pil aka sa mata, in ba haka ba alamar caji ƙarya za ta riƙa yi.

Wani ya ba ni shawarar Sony PCM-A10, ƙarama mai kyan sauti da giga 16 a cikinta. Batirinta a gine yake a jiki, ba a cirewa. Idan ya ƙare ina gaban tsoho a gidan da ba wuta, sai dai fawa-bank, kuma ranar da batirin ya tsufa rakodar ta tsufa. Na bar ta.

Asabar, 28 ga Disamba

Mako biyu ina juya abu ɗaya a raina. A bana Zoom ta fito da H1essential, wadda ke ɗauka da tsarin da suke kira bit 32 fulot. A wannan tsari ba a saita ƙarfin ɗauka sam. Idan sauti ya yi ƙasa sai a ɗaga shi a kwamfuta, idan ya yi sama a sauke shi, ba ya fashewa matuƙar bai fi ƙarfin makirfon kansa ba. Ga wanda zai ɗauki makaɗin kalangu, da zai yi magana ƙasa-ƙasa sannan ya buga ba sanarwa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A rakodar bit 24 sai ka tsayar da ma'aunin ƙarfin sauti wajen desibel 12 ƙasa da ƙololuwa, ka kunna abin tare fashewa, ka riƙa satar kallon allo. Ni kuma idona a kan mai magana nake son ya tsaya, don tsoho yana ganin ka duba wani wuri zai ce, "To, ka gaji ke nan."

Amma ba wanda na sani yake da ita a Garwa. Makirfonta X/Y ne, jikinta roba mara nauyi, pil ɗinta AAA, wato duk abin da ya sa na ja baya da H1n yana nan. Fayil ɗinta ya fi girma da kashi ɗaya cikin uku, kuma kowane sai an daidaita shi kafin a tura wa dangi. In na saye ta cinikin biri a sama na yi, da kuɗin da ba nawa ni kaɗai ba.

Na kira ɗan Gwaggo da ke Duwala na ce ya sayo DR-05X, da hular gashi, da ƙaramin makirfo na maƙalawa, da pil masu caji huɗu da cajarsu, da 'yar ƙafa uku ta tebur mai tsawon taƙi ɗaya. Na ce ya buɗe kwalin a gaban mai shagon, ya kunna, ya yi magana ya saurara.

Alhamis, 9 ga Janairu 2025

Kaya sun iso. Daga Duwala zuwa Yawunde, jirgin ƙasa na dare zuwa Ngaundere, sannan mota zuwa nan, a cikin jakar wata Hajiya 'yar unguwarmu da ta dawo daga sarin atamfa. Jaka 13 suka rage.

Na yi kuskure ɗaya tun kafin a fara. Na sayi katin memori a kasuwa, an rubuta giga 64, da arha har na yi murna. Allah ya sa na gwada shi da H2testw, wata 'yar manhaja ta kyauta da ke cika kati da bayanai sannan ta karanta su ta ga ko suna nan. Bayan giga bakwai da wani abu komai ya lalace. Irin wannan kati zai nuna maka yana ɗauka lafiya lau, sai ka dawo gida ka tarar da fayil ba komai ciki. Na mayar, mai shagon ya ce shi ma haka aka kawo masa. Na sayi na giga 32 a wani wuri da kuɗin da ya fi na farkon, na gwada ya cika cif, na goge shi a cikin rakodar kanta. Awa 30 zai ɗauka.

Na samo roba mai murfi irin ta ajiye yaji, na shimfiɗa tsumma a ciki. Nan rakodar za ta zauna saboda ƙura.

Talata, 21 ga Janairu

Ban so rubuta wannan ba, amma kundin ba shi da amfani idan na ɓoye.

Na je wurin tsohon ɗan dakon tashar jiragen ruwa. Na gaishe shi, na nemi izini, na kafa 'yar ƙafa ukun a kan tabarma kusa da gwiwarsa, na koma gefe na zauna. Dabarar ta yi: rakoda tana kamu ɗaya daga bakinsa, ni ina inda ya kamata. Na danna jan maɓalli, na ga ma'auni yana motsi, na ji muryarsa a iyafis garau. Ya yi minti arba'in yana magana. Da ya tsaya shan ruwa na duba, lissafin lokaci yana kan sifili, jar fitilar tana ƙiftawa.

Dannawa ta farko shiri ce kawai, don mutum ya duba ma'auni. Ta biyu ce ɗauka. Na san haka, na ma rubuta shi a nan ranar 6 ga Disamba. Da na zauna gaban dattijo hankalina ya tafi ga gaisuwa da zama, sai na manta.

Na faɗa masa gaskiya. Na ce, "Baba, ka yafe ni, abin bai ɗauka ba, laifina ne." Ya yi shiru, ya ce, "Ɗana, labarin ai bai gudu ba, yana nan inda yake shekara sittin. Amma yau numfashina ya ƙare. Ka dawo." Na fito ina jin nauyin abin har cikin ƙafafuna, don ban da tabbacin komawar da Allah zai ba mu.

Da na isa gida na yanki farar takarda na manna a bayan rakodar: fitila mai ƙiftawa ba ta ɗauka, sai ta tsaya cak kuma lambobi suna tafiya. Na kuma sa wa kaina doka. Kafin kowace hira zan faɗi rana da wuri da wanda nake tare da shi, in nemi izininsa a cikin ɗaukar, in tsayar, in saurari wannan ɗan guntun a gabansa, sannan a fara.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Alhamdu lillahi, na koma sau biyu, awa biyu da minti goma suna hannu. Kuma maimaicin ya fi na farkon, don ya kwana yana tuno abubuwa. Ya ce jiragen ba sa zuwa sai kogi ya cika, wajen Agusta da Satumba, su hauro daga Najeriya ta kogin Kwara su shigo Binuwai da siminti da gishiri da mai, su koma da gyaɗa da auduga. A 'yan makonnin nan ba dare ba rana, don in ruwa ya fara janyewa jirgin da bai fita ba ya kwana nan sai baɗi. Ya ce yaƙin Biyafara da ya fara a 1967 shi ya karya harkar, kafin ta farfaɗo kuma jirgin ƙasa ya iso Ngaundere a 1974, kaya suka koma bin hanyar kudu. Yana cikin magana sai ya ɗaga kafaɗar rigarsa ya nuna mini inda buhu ya ci fatar, ya rera abin da suke faɗa in za su ɗaga kaya, rabi Hausa rabi Fillanci. Abokinsa da ke gefe ya amsa masa. Dukansu biyu sun fito a ɗaukar, kowa a ɓangarensa, na hagu a hagu na dama a dama. Nan na gode wa makirfo mai jin ko'ina.

Makirfon maƙalawa bai yi mana yadda na zata ba. Ƙanwata ta kai shi wurin Gwaggo ta maƙala a bakin mayafi, to mayafi ba ya zama wuri ɗaya, duk gyarawa sai ƙarar yadi ta rufe magana. Da farko ma shiru ya yi, sai da muka gano dole a kunna masa wuta daga cikin saitin rakodar. Gwaggo ta ce, "Ke 'yar nan, cire mini wannan ƙudan." Aka cire, aka koma ƙafa uku.

Gwaggo ta ce ba ta iya waƙar niƙa a zaune hannu sake. Aka jawo tsohon dutsen niƙa daga bayan rumbu, aka wanke, aka zuba gero. Ƙanwata ta kira ni tana tambaya ko ƙarar dutsen ba za ta ɓata ba. Na ce ta ɗora rakodar a kan turmi da aka kifa, ta sa zane ninki huɗu a ƙarƙashi don kada girgizar ƙasa ta hau, ta daidaita ta da tsayin bakin Gwaggo, ba da dutsen ba. Da na saurara da dare, dutsen yana tafiya yana dawowa a ƙasa, muryar tana bisa, numfashinta yana faɗuwa daidai inda hannu ke turawa. A baiti na uku ta ambaci garin da kakarsu ta fito, wanda na kasa ji a bakin Baba Babba. Da ƙ ya fara.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Mutum shida cikin 14, awa 15 da 'yan mintuna. Dillalin goro ɗansa ya zo ya tafi da shi Yola, sai na nemi hanyar bin sa can. Kowane fayil yana wuri uku: kwamfutata, wani faifan ajiya a gidan Yaya, da kati na biyu da na saya da ragowar kuɗin. Sunan fayil yana farawa da shekara da wata da rana. Na WAV ba na taɓa shi. In zan tura wa dangi sai in buɗe a Audacity, manhajar gyaran sauti, in fitar da kwafin MP3, shi ke yawo a WhatsApp. Na waƙar Gwaggo ya kai har wurin 'yan'uwanmu na Marwa da Kusiri, wata ta kira tana kuka.

Pil masu caji biyu suna kai ni zama uku kafin in canza. Hular gashi ta yi ja da ƙura, na kakkaɓe ta da burushin haƙori. Makaɗin kalangu na nan tafe, shi ne zai gwada shawarar da na yanke a Disamba: zan sauke ƙarfin ɗauka sosai, in matsar da rakodar kamu uku in zai buga, in dawo da ita in zai yi magana.

Azumi saura mako guda. Da rana tsofaffi ba za su iya doguwar magana ba, da dare kuma lasifikokin tafsiri suna tashi ta kowace kusurwa, ga janareto. Na tambayi Kawu, ya ce in gwada bayan sallar asuba kafin su koma barci, lokacin gari shiru ne kuma maƙogwaro bai bushe ba. Ranar Talata ƙanwata za ta shiga wurin ungozoma. Na caja pil huɗu, na goge kati, na sa mata komai a robar, takardar nan tana manne a baya.